INA YARANMU NA INDIYA 2017? A DAINA CE MANA RABO NE



Duk unguwa a ƙasar nan tana da nata gwanin balo wanda aka ce zai kai Turai, bai kai ba. Ku duba fadarku da kyau, yana nan. Wani yana kabu-kabu, wani yana saida esansi a kwalba bakin titi, wani ya tafi Djado biɗar zinari, wani kuma yana zaune yana ɗingishi da gwiwar da ba a taɓa yi wa hoto ba. In ka tambaya mi ya faru da shi, amsar guda ce: "Ba rabonsa ba ne." In mai amsar ya so ƙara gishiri sai ya ce asiri aka yi masa, ko ya ce yaron ne ya lalace. Daga nan a zuba shayi na biyu, a koma gardamar Real da Barsa.

Ni ban yarda da wannan amsa ba, kuma yau ita na zo in yaƙa. Akwai wani rami tsakanin shekara 17 da shekara 21, a cikinsa gwanayen yaranmu suke faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Mu manya muka haƙa shi, mu ke tsaye bakinsa, kuma duk yaron da ya faɗa sai mu ɗaga hannu mu ce ƙaddara.

Bari mu ɗauki misalin da kowa ya shaida. A watan Agusta na 2016, Mena ta ƴan ƙasa da shekara 17 ta haɗu da Najeriya a wasan biɗar gurbin gasar Afirka. Najeriyar da a lokacin ita ke riƙe da kofin duniya na wannan rukuni: ta ci a 2013, ta sake ci a 2015, sau biyar ke nan gaba ɗaya. A Abuja suka ci mu 1-0. Suka zo Yamai, yaranmu suka zura musu 3-1, suka fitar da su. A watan Mayu na 2017 aka je Gabon, yaran suka kai wasan kusa da na ƙarshe, Gana ba ta iya kauda su ba sai da bugun fenariti. Wannan ne ya ba su tikitin Indiya a watan Oktoba. Karon farko ke nan a tarihi da tutar Nijar ta shiga wata gasar duniya ta FIFA, ta manya ko ta yara. A birnin Kochi suka ci Koriya ta Arewa 1-0, Salim Abdourahmane ya jefa ƙwallon. Sifaniya ta ci su 4-0, Barazil ta ci su 2-0, duk da haka suka tsallake zuwa zagaye na biyu, inda Gana ta tsayar da su da ci 2-0.

Mun yi murna, mun busa oda, mun sa hotunansu a wayoyinmu. To yanzu ga tambayata. Ƴan wasa 21 aka kai Indiya. Kai da kake karanta wannan, kai da ka san sunan mai tsaron gida na uku na Chelsea, ka lissafa mini biyar daga cikinsu, ka faɗa mini inda suke wasa yau. Yaran nan haihuwar 2000 ne zuwa sama, ke nan yanzu suke kan ganiyarsu, yanzu ya kamata sunansu ya cika rediyo. Wasu sun sa rigar babbar Mena, Allah ya ƙara musu. Amma mafi yawansu sunansu ya ɓace daga kunnen jama'a kamar ba a yi ba.

Yanzu dubi waɗanda suka yi gasar tare da su. Cikin tawagar Sifaniya akwai Ferran Torres, wanda ya buga wa Manchester City da Barcelona, ya ɗauki kofin Turai da ƙasarsa a 2024. Ingila da ta ci gasar tana da Phil Foden. Za ku ce ai waɗannan Turawa ne, suna da kuɗi. To cikin tawagar Gana akwai Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Akra, unguwar da ake jin Hausa kamar kana cikin kasuwar Maraɗi. A filin ƙasa ya koyi balo kamar namu. Bambancin shi ne makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi tun yana ƙarami, ta ba shi karatu da abinci da likita da horo. Da ya cika 18 a 2018, ƙofa tana buɗe tana jiransa a ƙungiyar Nordsjaelland ta Danmak. Daga nan Ajax a 2020, daga nan West Ham a 2023. Kudus ya dawo daga Indiya ya tarar da matakala. Namu sun dawo sun tarar da tafi, sai kowa ya kama gabansa.

Masu cewa rabo ne, ku saurare ni. Babu wanda ke jayayya da ƙaddara. Amma ban taɓa ganin manomin da ya ƙi shuka, ya ƙi noma, ya ƙi zuba taki, sannan da kaka ya tsaya gaban rumbu yana cewa gero ba rabonsa ba ne. In ya faɗa, dariya za a yi masa. Mi ya sa a harkar wasanni kaɗai muke karɓar wannan magana? Saboda tana wanke kowa. Ta wanke shugaban ƙungiya, ta wanke ɗan siyasa, ta wanke uba, ta wanke hukuma. Yaro kaɗai ake bari da kayan.

Masu cewa talauci ne kuma, ga Mali nan kusa. Rana ɗaya ke dukanmu, fari ɗaya, kuɗi ɗaya, matsalar tsaro iri ɗaya. A 2015 muka karɓi baƙuncin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 a Yamai, Mali ta ɗauki kofi a gabanmu. A 2017 a Gabon ta sake ɗauka. A watan Fabrairu na 2019 muka karɓi gasar ƴan ƙasa da 20 a Yamai da Maraɗi, mu aka fitar da mu tun zagayen farko, Mali ta sake ɗaukar kofi a filinmu. Kuma yaransu ba su tsaya nan ba. Amadou Haidara, cikin tawagar da ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na yara a 2015, ya wuce Salzburg, ya wuce Leipzig a Jamus. Mohamed Camara na tawagar 2017 ya bi ta Salzburg ya kai Monaco. Ƴan Bamako ba su fi ƴan Damagaram ƙafa ba. Makarantun ƙwallo gare su na gaske, irin JMG, masu ɗaukar yaro shekaru suna renonsa, kuma suna da hanya sananniya zuwa ƙungiyoyin waje. Haka Senegal: Génération Foot ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, ta wannan ƙofa Sadio Mané ya fita, Ismaïla Sarr ya bi, Pape Matar Sarr ya bi. Hanya ɗaya, yaro bayan yaro. Wannan ba sa'a ba ce, aiki ne.

To mi ke cikin ramin namu? Bari in fara da abin da ba mu son a taɓa: ƙaryar shekaru.

A 2009 a Aljeriya, yaranmu sun samu gurbin wasan kusa da na ƙarshe a gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17, abin da ke nufin tikitin kofin duniya. Sai hukumar CAF ta kore mu a kan maganar shekaru, aka ba Malawi wurinmu. Kuma a ina aka yi kofin duniyar wannan shekara? A Najeriya. Kano da Kaduna da Bauci suna cikin garuruwan da aka yi wasa. Da mota ɗan Maraɗi zai je ya dawo. Muka zauna gida muna kallon Malawi. Cutar ba tamu kaɗai ba ce. Kafin wasanmu da Najeriya a 2016, yaransu 26 suka faɗi gwajin shekaru. A Kamaru ma, 21 cikin 30 suka faɗi. Tun 2009 FIFA take amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu: in ƙashin ya gama haɗewa, an san mai shi ya wuce yaro. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yanzu har na'ura ke auna zurfinsa.

A wurinmu abin yana da sauƙi saboda yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ranar da aka haife su ba. Sai an zo jarrabawa ko an zo wasa a je a yanki takardar kotu, a zaɓi shekarar da ta yi daɗi. Ku dubi yawan masu ranar haihuwa 1 ga Janairu a ƙasar nan. Kuma mutane suna ɗaukar abin wayo ne, wai taimakon yaro ake. Wallahi kashe shi ake. Ɗan shekara 21 da aka sa cikin ƴan 16 zai riƙa cin wasa da ƙirji da gudu, ba zai koyi dabara ba don ba ya buƙatarta. Baƙon da ya zo kallo ba abin da yaron yake yau yake saye ba, abin da zai zama bayan shekara biyar yake saye. Shekara biyar ta wuce, yaro bai ƙaru ba, don ya riga ya gama girma tun kafin a gan shi. A takarda yana 23, gwiwarsa tana 28. Sai a ce ya lalace. Ga kuma wanda ba a taɓa maganarsa: ɗan shekara 16 na gaskiya da aka ture don a ba ƙato wuri. Shi wannan ya koma gida ya ajiye takalmi, ba wanda ya san ƙasa ta yi hasarar sa. Ƙarya ɗaya, yara biyu.

Abu na biyu, in yaro ya fito daga rukunin yara, ina zai je? Ku lissafa manyan ƙungiyoyin ƙasar nan: AS FAN ta soja, AS GNN ta garde, USGN ta jandarma, AS Douanes ta duwan, AS Police, da su Sahel da Olympic. Kusan duka a Yamai suke, kuma mafi yawa suna rayuwa ne a inuwar wata ma'aikata ta gwamnati. Ba laifi ba ne, su ne ma suka riƙe ƙwallon ƙasar. Amma ɗan Tasawa, ɗan Magarya, ɗan Madawa, ɗan Birnin Ƙonni fa? Ɗan Ƙasawa da Jangorzo a Maraɗi, Espoir a Damagaram, Ader a Tawa, sunaye ne masu tarihi, amma kowa ya san yadda ƙungiyoyin cikin ƙasa ke fama da kuɗin mota kawai don su je wasa su dawo. Jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa su ne suka fi kowace jiha yawan jama'a. Nan yaran suke. Mai son ganinsu kuma yana can kilomita ɗaruruwa.

Ɗan shekara 18 yana buƙatar wasa na gaske kowane mako, wata takwas ko tara a shekara, da mai horo wanda ya san aikinsa. Mu abin da muke ba shi shi ne gasar babban hutu, TGV. Ina son TGV, kowa na son ta, ita ke raya unguwa lokacin damina. Amma ku dubi yadda ake yi. Mai neman kujera ya sayi kofi da riguna masu hotonsa, ya zo ranar wasan ƙarshe da ƴan rakiya da masu kiɗa, a ɗau hoto, a miƙa ambulan, ya shiga mota. Kashegari fili ya koma wurin kiwon awaki. Yaron da ya ci ƙwallo goma cikin makonni shida ba wanda ya rubuta sunansa a ko'ina. Baɗi a sake. An mayar da ɗiyanmu kayan ado na kamfe. Alhaji, ranka ya daɗe, kuɗin da ka kashe a bikin rana ɗaya zai biya mai horo na shekara guda. Amma mai horo ba ya fitowa a hoto, shi ya sa.

Har filayen unguwa ma ana cinye su. Wurin da yara ke wasa shekara ashirin, wata safiya ka tashi ka ga an kafa duwatsu, an yanka fuloti, an ɗora shaguna. Babban filinmu na Seyni Kountché kuma sai da ta kai Mena tana yin wasanninta na gida a Maroko saboda bai cika sharuɗɗan CAF ba. Yaron da bai taɓa ganin ƙungiyar ƙasarsa da idonsa ba, wa zai yi koyi da shi?

Abu na uku, makaranta. A wurinmu an raba hanya biyu: ko boko ko balo. Uba ya ɗauki bulala ya hana wasa, ko kuma ya ji ana cewa ɗansa zai yi kuɗi ya bar shi ya watsar da karatu tun kafin BEPC. Duka biyu kuskure ne. Ku ji labarin Nii Lamptey na Gana. A 1991 a Italiya, Gana ta ci kofin duniya na ƴan ƙasa da 17, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Yana ɗan shekara 16 ya fara buga wa Anderlecht ta Beljiyam. Pele da kansa ya nuna shi a matsayin magajinsa. Amma Lamptey bai iya karatu ba, ya sa hannu a takardun da bai san abin da ke ciki ba, dillali ya riƙe wuyansa. Aka yi ta jefa shi daga ƙasa zuwa ƙasa: Holan, Ingila, Italiya, Ajantina, Turkiyya, Fotugal, Jamus, har Sin. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda aka cuce shi. Da ya ajiye takalmi mi ya gina a Akra? Makaranta. Mutumin da ya fi kowa sanin inda ciwon yake, makaranta ya gina. Mu kuma muna nan muna ce wa yaro boko ɓata lokaci ne tunda ƙafarsa na da kyau. Kontira da Faransanci ko Turanci ake rubuta ta. Wanda bai iya karanta ta ba, wani zai karanta masa, kuma mai karantawar ba don Allah yake yi ba.

Wannan ya kawo mu kan abu na huɗu, ƴan damfara masu kiran kansu manaja. Ya zo da kwat da babbar waya, ya nuna hotonsa da wani Bature a bakin wani fili, ya nuna takardar gayyata mai tambarin ƙungiya. Ya ce a kawo miliyan biyu na biza da jirgi. A saida gona, a saida shanu, uwa ta saida abin wuyanta. Yaro ya tashi, ya tsinci kansa a wani ɗaki a Tunis ko Kazablanka ko Istanbul tare da wasu goma irinsa, manaja ya kashe waya. Biza ta ƙare. Kunya ta hana shi dawowa, don ya san abin da aka saida. Wasu daga nan teku suke nufa.

Iyaye, ku riƙe abu uku. Dokar FIFA, sashe na 19, ta hana ɗaukar yaron da bai kai 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata don wasa, sai a wasu ƴan yanayi kaɗan da ba su shafi yawancin ɗiyanmu ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗanku mai shekara 15 wata ƙungiya a Turai, ko ƙarya yake, ko hanyar banza zai bi da shi. Na biyu, tun 2023 dillalin ƴan wasa sai ya ci jarrabawa ya samu lasisin FIFA, kuma ana iya duba sunansa a intanet. Ku sa wani ɗan boko na gida ya duba kafin ku kwance saniya. Na uku, ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan jirgi da masauki. In an ce ku za ku biya, to ku ne kasuwar.

Abu na biyar, rauni. Yaranmu suna wasa a ƙasa mai tauri da tsakuwa, cikin zafin da ke haura digiri 40, da kokon safe a ciki. Jijiyar gwiwa ta tsinke, a kai shi wurin mai ɗori. Ina girmama masu ɗori, sun gyara karaya da yawa a ƙasar nan. Amma jijiyar cikin gwiwa ba ƙashi ba ce, ba a ɗora ta da kara da tsumma. Hoto take so, sau da yawa aiki take so, sannan watanni shida zuwa tara na motsa jiki a hannun wanda ya sani. Ɗan wasan da ba shi da kontira, ba shi da inshora, wa zai biya masa? Sai a ba shi tramol ya shiga fili ya ci mana wasan ƙarshe. Muka ɗau kofi, shi ya ɗau gurgunta da jarabar ƙwaya. Bayan shekara biyu mu ne za mu nuna shi da baki mu ce ɗan ƙwaya ne. Wa ya fara miƙa masa?

Abu na shida shi ne wanda ya fi ba ni haushi, don kuɗi ne muke zubarwa da hannunmu. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga ƙungiyar wata ƙasa zuwa ta wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. In an sayar da shi biliyan ɗaya na sefa, miliyan 50 ke nan. Akwai kuma kuɗin horo da ake biya in ya sa hannu a kontirarsa ta farko. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Paris mai bin diddigin wannan kuɗi ta kwamfuta. Amma sharaɗin shi ne sunan yaron yana rubuce, da lasisi, shekara bayan shekara. Mai horon unguwa da ya yi shekara shida yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa, in babu lasisi, ko dala ba zai gani ba. Da wannan kuɗi makarantun Dakar da Bamako da Abijan suke renon yara na gaba. Mun ga misali a gida: Moussa Maazou ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, a 2009 CSKA ta Mosko ta saye shi da miliyoyin Yuro. Ke nan ɗan Nijar yana da daraja a kasuwa. Amma ƙofar ba ta zama hanya ba.

Mu ƴan kallo ma muna da namu kason. Yaro ya yi yanka biyu a filin unguwa, mun sa masa suna Messi. Mu ɗauke shi a waya, mu watsa a Facebook da TikTok, mu kumbura masa kai har ya daina gaida mai horonsa. Ku tuna Freddy Adu, haifaffen Tema a Gana, wanda ya girma a Amurka. Yana ɗan shekara 14 ya fara buga wa D.C. United a 2004, aka sa shi a talla tare da Pele, aka ce shi ne zai ɗaga ƙwallon Amurka. Ya je Benfica a 2007, bai zauna ba, ya ƙare yana yawo a ƙungiyoyi sama da goma. Amurka da duk kuɗinta ta kasa kare yaro daga yabon da ya fi ƙarfinsa. To ina ga namu da ba shi da kowa? Kuma mu ɗin da muka ɗaga shi, ranar da ya ɓarar da fenariti mu ne za mu zagi uwarsa daga bakin fili.

Ba na cewa yara ba su da laifi ko kaɗan. Akwai malalaci, akwai mai girman kai, akwai wanda kuɗin farko ya ruɗa. Ba na kuma cewa duk gwani zai zama ƙwararre. Ko a Faransa, kaɗan ne daga cikin ƴan makarantun ƙwallo ke cin abinci da balo. Amma can wanda bai kai ba yana fita da takardar makaranta da lafiyar ƙafarsa. Wanda ya yi tuntuɓe kuma ana ba shi dama ta biyu. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a kofin duniya na yara a 2015, ya je Wolfsburg ta Jamus ya kasa cin ko ɗaya, ga rauni ga ciwo. Da a unguwarmu ne da tuni an ce an yi masa asiri, an rufe littafinsa. Sai Charleroi ta Beljiyam ta karɓe shi aro a 2018, daga nan Lille, daga nan Napoli, a 2023 ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka. Yaranmu nawa ne suka taɓa samun Charleroi tasu?

Kuma kar a ɗauka balo kaɗai ne. Issaka Daboré ya ciyo mana lambar tagulla a dambe a gasar Olamfik ta Munich a 1972. Sai da muka jira shekara 44 kafin Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kawo ta azurfa a taekwondo daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. A Jamus ya samu horon da ya kai shi can. Cikin shekara 44 ɗin nan, a ce ba a haifi mai ƙarfi ko mai gudu a Nijar ba? An haife su, sun girma, sun tsufa ba wanda ya auna su.

Abin mamaki, mun san yadda ake gina matakala, don mun gina ta a kokowa. Tun 1975 ake gasar takobi. Ɗan kokowa yana farawa daga dandalin ƙauye bayan girbi, a zaɓe shi zuwa gunduma, a zaɓe shi cikin goman jiha, ya tsaya gaban ƙasa gaba ɗaya, gasar tana zagaya jihohi takwas. Ba sai ya san wani a Yamai ba, ba sai an saida gona ba. In mun iya yi wa kokowa, mi ya hana mu yi wa sauran?

Don haka ga abin da nake biɗa, kuma ba roƙo nake ba.

Ga FENIFOOT: an gina cibiyar horo a Yamai, mun gani, mun yaba. Amma FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙasa har dalar Amurka miliyan 8 tsakanin 2023 da 2026, kuma wani kaso an ɗaura shi a kan shirya gasannin matasa. Ban ce wani ya ci kuɗi ba. Na ce a fito da lissafi a fili: nawa ya isa Maraɗi, nawa Damagaram, nawa Tawa, yara nawa ke da lasisi a kowace jiha. A kafa gasar ƴan ƙasa da 15, da 17, da 20 a kowace jiha, mai kalanda da ba ta jiran zaɓe. Sannan a fito a gaya wa ƙasa inda yaran 2017 suke ɗaya bayan ɗaya. Sun ɗauki tutarmu, mun ci bashinsu.

Ga magadan gari: filin unguwa a yi masa takarda da sunan unguwa, a hana yanka shi.

Ga attajiranmu, musamman alhazan Maraɗi da Allah ya buɗa wa: a rage kofunan rana ɗaya. Mutum biyar su haɗu su riƙe makarantar ƙwallo guda, da aji, da abinci, da likita, shekara goma ba fashi. Ko ta fuskar kasuwa ma ba hasara ba ce.

Ga masu horo na unguwa, ku da kuke aikin da ba mai biyan ku: ku yi wa ƙungiyoyinku rajista, ku yi wa yara lasisi da shekarunsu na gaskiya, ko da za a ci ku 5-0 a bana.

Ga iyaye: takardar haihuwa tun ranar suna. Makaranta da safe, balo da marece. Kar a saida gona don hoton waya.

Ga ku samari masu ƙafa: wanda ya rage maka shekara ba masoyinka ba ne, wanda ya ba ka ƙwaya ka shiga fili maƙiyinka ne, kuma duk takardar da ba ka karanta ba kar ka sa mata hannu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu haka akwai wani ɗan shekara 12 a Zariya ta Maraɗi, ko Garin Malam a Damagaram, yana wasa ba takalmi, manya sun tsaya suna kallo suna cewa wannan sai Turai. Nan da shekara goma za a tambaye mu inda yake. Wanda ya san zai ce rabo ne, ya fara shirya amsar mi shi ya yi.

Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.